BABBAN GWANI MUHAMMADU DURUGU, MAGININ ZAZZAU

In an zo lissafin manyan mutanen ƙasar nan na zamanin da, galibi sarakuna da malamai da mayaƙa mu ke ambata, masu sana'a kuwa sai mu bar su a baya. Yau za mu kawo wa masu karatu labarin wani magini, watau Malam Muhammadu Durugu, wanda waɗansu ke kira Malam Mika'ilu, amma an fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. Ya yi zamaninsa a birnin Zariya, kuma har wa yau akwai unguwa a cikin birnin da a ke kira da wannan laƙabi nasa.

Aikin da ya ɗaukaka sunansa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Shi Abdulkarimu shi ne na uku a jerin sarakunan Fulani na Zazzau, bayan Malam Musa da Yamusa, ya kuwa yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Lokacin nan ƙurar jihadi ta fara lafawa, birane sun cika da malamai da fatake, sai ya zamana ana bukatar ɗakin da zai ɗauki jama'a mai yawa ran Juma'a.

To, kafin mu gane gwanintarsa sai mun san wahalar da ke gaban ko wane magini a ƙasar Hausa. Bango ba shi da wuya: a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a cura tubali, a shanya shi ya bushe, sa'an nan a jera. Wuyar tana wajen rufi. Itacen da a ke dogara da shi shi ne azara, wadda a ke tsagowa daga giginya, domin gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tsakanin bango da bango ya zarce ƙafa shida ko kusa da haka. Saboda haka ɗakin da a ke son ya yi faɗi, tilas a cika shi da ginshiƙai, ko kuwa a nemi wata dabara.

Dabarar ita ce baka. Magini ya kan dasa azara cikin bango ta leƙo kaɗan, ya ɗaura wata a kanta da igiya ta ɗara ta farko tsawo, ya lulluɓe su da ƙasa, ya bari su bushe. Haka zai yi ta yi daga wannan bango da wancan, hawa bisa hawa, har ƙafafun nan biyu su sadu a sama su zama bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne a ke kira ɗaurin guga, a kansa ne kuma tulluwa ke zama. Magina sun san wannan aiki, amma Babban Gwani ne ya kai shi matuƙa. A masallacin Zariya ya tsai da manyan ginshiƙai, daga ko wannensu bakuna suna tashi kamar rassan itace, suna saduwa da 'yan'uwansu can sama, ya kuma ƙawata ginshiƙan da zane mai tudu. Ya haɗa masallacin da ɗakin shari'a da wuraren alwala. Duk wannan ba da siminti ba ne, ba ƙarfe, ba takardar awo.

Mutanen Zazzau suna ba da labari cewa da dare ya ke yin muhimmin aikinsa, bayan 'yan ƙwadago sun tara masa kayan gini da rana. Gininsa bai tsaya a Zazzau ba. A Kafin Madaki, arewa da garin Bauchi, akwai gidan Madaki wanda a ke danganta masa, an gina shi wajen 1860 a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim. A 1956 Gwamnati ta sa gidan nan cikin kayan tarihi waɗanda doka ta hana a rushe. Game da ƙarshensa kuwa, labarin da ya bazu a bakin jama'a shi ne wani Sarkin Birnin Gwari ya sa ya yi masa gini, da ya gama sai ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Irin wannan labari yana nuna mana yadda mutanen da suka ɗauki gwanintarsa.

Ba sarakuna kaɗai suka amfana da wannan sana'a ba. Attajiran da suka yi arziki da fataucin goro ta hanyar Gwanja, wadda ayari ke bi ta kasuwar Jega, da masu cinikin tufafi da fatu a Kano da Katsina da Zariya, su ma sun nemi magina. Gidan attajiri a cikin birni ya kan fara da zaure mai baka inda a ke saukar baƙi a yi ciniki, sa'an nan shigifa, sa'an nan cikin gida, wani ma har da bene. A kan shafe bango da makuba daga kwasfar ɗorawa, a sa indararo don ruwan sama, a tsai da zanko a kusurwoyi. Zauren mutum shi ne shaidar arzikinsa da mutuncinsa.

Turawa suna alfahari da gine-ginensu masu dogayen ginshiƙai da suka kwaikwayo daga Yunanawa da Rumawa, irin zauren Mapo na Ibadan da aka gama a 1929. Amma da wani masanin gini mutumin Folan, Zbigniew Dmochowski, ya zo ƙasar nan ya auna gine-ginenmu na gargajiya, masallacin Zariya yana cikin waɗanda ya ba muhimmanci, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-gine na Jos. Shi ainihin masallacin kuwa, a cikin shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti ya lulluɓe shi.

Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin ko wace damina. In aka yi sakaci shekaru kaɗan, sai ruwa ya shiga, azara ta ruɓe, baka ta faɗi, in kuwa ta faɗi, masu iya ta da ita sun yi ƙaranci. Don haka muna roƙon malaman makaranta su riƙa kai yara su ga tsofaffin soraye na garinsu, ma'aikatan hukuma kuma su rubuta sunan ko wane gida da maigininsa tun dattawan da suka sani suna raye. Allah ya jiƙan Babban Gwani, ya sa aikinsa ya zama sadaka mai gudana, amin.