Malamin Argungu Da Ya Zama Shugaban Ƙasa: Alhaji Shehu Shagari

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, a wannan fitowa na ga ya dace in kawo mana tarihin wani dattijo da ya riƙe alli a ƙasar Kabi tun kafin ya riƙe ragamar Nijeriya, wato marigayi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato.

An haife shi a garin Shagari a 1925. Ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, sannan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda ta zama Barewa. Da ya gama sai ya kama aikin koyarwa, har aka turo shi Argungu a matsayin hedimasta a 1951. Daga baya aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Ikko a 1954, a tutar NPC. Ya yi minista a gwamnatin Tafawa Ɓalewa, ya kuma riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 1971 zuwa 1975, zamanin Janar Gowon.

Ran 1 ga Oktoba 1979 aka rantsar da shi shugaban ƙasa a jam'iyyar NPN, bayan Kotun Ƙoli ta raba gardamar da Awolowo ya tayar kan sakamakon zaɓen. Ya sa noma da gidaje a gaba. Har yau akwai unguwannin da ake kira gidajen Shagari a garuruwa da dama. Ya kuma matsa wa aikin gina Abuja.

Amma fa tarihi ba ya son kara. A zamaninsa ne, cikin 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman Bakolori wuta, waɗanda ke neman diyyar gonakinsu. Farashin man fetur ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, ga kuma kukan da jama'a suka yi ta yi kan wadaƙar wasu na kusa da shi. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da gwamnatin, suka tsare shi har 1986. Sai dai ba a same shi da laifin cin dukiyar jama'a ba.

A nan ne nake ganin darasinmu yake. Da yawanmu yanzu muna riƙe da ofisoshi a Birnin Kebbi da wajenta. Tsarkin hannun shugaba abin yabo ne, amma bai isa ba in har bai tsawata wa na ƙarƙashinsa ba. Hedimasta ma, da halin malamansa ake auna shi.

Ya rasu a Abuja ran 28 ga Disamba 2018, yana da shekara 93, aka yi masa sutura a mahaifarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.