HENRY MAUDSLAY, MAƘERIN DA YA ƊAURE WUƘAR INJIN

Duk direban da ya taɓa kai ƙarfen motarsa wurin masu injin sassaƙa ƙarfe, ko a Kano ko a Kuje, ya ci moriyar aikin wani Bature mutumin Ingila mai suna Henry Maudslay, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba.

An haife shi ran 22 ga watan Agusta, 1771, a Woolwich, kusa da birnin Landan. Ɗan talaka ne. Yana da shekara 12 ya shiga aikin ɗura albarushi a ma'aikatar makamai ta gwamnati, daga nan ya koma wurin kafintoci, sa'an nan ya zarce maƙera, inda hannunsa ya faɗa ƙwarai.

Yana da shekara 18 wani mai ƙera kwaɗo, Joseph Bramah, ya ɗauke shi aiki. Bramah ya ƙago wani kwaɗo mai wuyar buɗewa, amma ya rasa yadda zai yi shi da yawa a kan kuɗi kaɗan. Yaron nan shi ya ƙera masa injunan da suka warware matsalar, har ya zama shugaban ma'aikata. A 1797 ya roƙi ƙari a kan sule 30 da yake samu a mako, maigidan ya hana. Sai ya tattara kayansa ya buɗe tasa ma'aikatar.

To, a zamanin nan galibin masu sassaƙa ƙarfe da hannu suke riƙe wuƙar yanka, ƙarfen yana juyawa suna danna ta. Hannu kuwa yakan gaji, yakan yi rawa. Ga shi bakin wuƙar dole ne ya tsaya daidai da tsakiyar ƙarfen: in ya yi sama sai ya riƙa guga ba yanka ba, in ya yi ƙasa sai ya cije ya ɓata aiki. Saboda haka kowane noti da nasa abokin. In ɗaya ya ɓace, na wata maƙera ba zai shiga ba.

Wajen 1800 Maudslay ya kammala injinsa. Ya ɗaure wuƙar tam a kan wani mazauni na ƙarfe mai zamewa a kan miƙaƙƙiyar hanya. Wani dogon sukuru ne ke tura mazaunin, giyoyi kuma su ke daidaita tafiyarsa da juyawar ƙarfen, in an sake giya sai tazarar zaren notin ta sake. Wasu sun riga shi tunanin waɗannan abubuwa, amma shi ne ya haɗa su cikin injin mai ƙwari wanda ya karɓu. Watau da zarar an saita wuƙar sosai, noti na ɗari zai fito kamar na farko.

Nan da nan sunansa ya kai ga injiniya Marc Brunel, wanda ke neman mai ƙera injunan yin gargaren katako da ake jan igiyoyin jiragen ruwan yaƙi a kansu. Maudslay ya ƙera injuna fiye da 40 aka kafa a Portsmouth. Zuwa 1808 suna fid da guda 130,000 a shekara, mutum 10 suna yin aikin da dā sai gwanaye 110.

A 1810 ya koma unguwar Lambeth, ya shiga ƙera injunan jiragen ruwa. Mutum ne wanda ba ya yarda da awon ido. Ya ƙera wani ma'auni mai gane kashi ɗaya cikin 10,000 na inci, shi ne alƙali in gardama ta tashi tsakanin ma'aikata.

Gyaɗa mai kyau daga kunya take. A hannunsa James Nasmyth da Joseph Whitworth suka goge, Whitworth kuwa shi ne ya tsara awon zaren noti na bai ɗaya a 1841, wanda Ingila ta daɗe tana bi.

Maudslay ya mutu a watan Fabrairu, 1831, bayan sanyi ya kama shi a hanyar komowa daga Faransa, yana da shekara 59. An binne shi a Woolwich, mahaifarsa, aka kafa masa alamar kabari ta ƙarfe.