Tarihin Dokta Ernest Just, Baƙar Fatan Da Ya Ƙware A Ilmin Ƙwayar Halitta

Duk ɗalibin da ya zauna ajin kimiyya a makarantun sakandare na Chanchaga, ko kuwa a Kwalejin Ilmi ta Jihar Neja da ke Minna, ya san ranar da malami yakan shigo aji da albasa a hannu. Akan ɓare siririn tantanin nan na cikinta, a shimfiɗa shi bisa gilashi, a ɗiga masa ruwan aidin, sa'an nan a sa shi ƙarƙashin madubin likita. Abin da ido zai gani shi ne waɗansu 'yan ɗakuna jere reras kamar tubalan gini, kowane da ɗan ɗigo a cikinsa. Su ne ake kira ƙwayoyin halitta. Daga nan malami yakan ambaci Robert Hooke, Baturen Ingila wanda ya fara ganinsu a 1665, da Schleiden da Schwann, Jamusawan da suka bayyana a 1838 da 1839 cewa da tsiro da dabba duk da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su. Amma akwai wani suna da ba safai ake jinsa a aji ba, watau Dokta Ernest Everett Just, baƙar fatan Amurka, zuriyar mutanen da aka kwashe daga Afirka zamanin cinikin bayi, wanda ya ƙare rayuwarsa wajen binciken wannan ƙwaya.

Kafin a shiga labarinsa, ya kamata mai karatu ya san yadda ƙwayar take. Jikin babban mutum yana ɗauke da ƙwayoyi wajen tiriliyan 30, kuma ƙanƙantarsu ta kai sai an jera jajayen ƙwayoyin jini kimanin 130 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Galibinsu suna da sassa uku. Akwai cibiya, inda zaren gado yake, wanda ɗa yake samu daga uwa da uba. Akwai wani ruwa mai kauri da ya kewaye cibiyar, inda ake ƙona abinci a samu ƙarfi, a kuma ƙera abubuwan da jiki yake bukata. Sa'an nan akwai fatar ƙwayar, wadda ta lulluɓe ta duka. A zamanin Just hankalin yawancin masana yana kan cibiya, fatar kuwa an ɗauke ta kamar buhun da aka zuba hatsi a ciki. Shi kuwa ya dage a kan cewa fatar nan da ruwan da ke dab da ita suna da rai, suna aiki, kuma ta nan ƙwaya take hulɗa da duk abin da ke wajenta.

An haifi Ernest Just ran 14 ga watan Agusta 1883 a birnin Charleston, cikin Jihar Karolina ta Kudu, shekara 18 kacal bayan an hana bauta a Amurka. Yana da shekara huɗu mahaifinsa ya rasu, nauyin gida ya komo kan mahaifiyarsa, Mary Matthews Just. Mace ce mai himma ƙwarai. Tana koyarwa a makarantar 'ya'yan baƙar fata, tana kuma yin aikin ƙarfi a wurin haƙar ma'adinin takin zamani a tsibirin James, kusa da Charleston, don ta ciyar da 'ya'yanta. Yana yaro zazzaɓin taifot ya kwantar da shi makonni, da ya tashi sai aka tarar karatu da rubutun da ya koya duk sun zube masa. Dole ya sake farawa daga baƙi da wasali, har Allah ya sa abin ya dawo.

Yana da shekara 13 aka kai shi makarantar horon baƙar fata da ke Orangeburg, ya fito da takardar malanta. Amma shi da mahaifiyarsa sun ga ilmin da ake ba baƙar fata a kudancin Amurka bai taka kara ya karya ba, saboda haka a 1900 ya tafi arewacin ƙasar, ya shiga makarantar Kimball Union da ke Jihar New Hampshire. Yana can mahaifiyar tasa ta rasu, ko da ya iso gida an riga an binne ta. Ya koma makaranta ya gama karatun shekara huɗu cikin shekara uku, ya fito na ɗaya a 1903. Daga nan ya shiga Kwalejin Dartmouth, inda wani malami mai suna William Patten ya sa masa sha'awar ilmin halittu. Ya sami digiri da babban yabo a 1907.

Da Bature ne ya fito da irin wannan sakamako, da manyan jami'o'i sun yi rububinsa. Amma a wancan zamani jami'o'in Turawan Amurka ba su ɗaukar baƙar fata aikin koyarwa. Sai ya kama aiki a Jami'ar Howard da ke Washington, wadda aka kafa a 1867 musamman don ilmantar da 'yantattun bayi da 'ya'yansu. Da farko Turanci aka ba shi ya koyar, daga baya ya koma fanninsa, kuma a 1912 aka naɗa shi shugaban sashen ilmin dabbobi. Howard ba ta da kuɗi, ba ta da kayan bincike, ga ɗalibai da yawa, ga aiki ba hutu.

Ƙofar bincike ta buɗe masa ne a 1909, sa'ad da ya tafi Woods Hole, wata tashar binciken halittun teku a Jihar Massachusetts, ya zama mataimakin shugabanta, Farfesa Frank Lillie. Kusan shekara ashirin yana zuwa can duk lokacin dogon hutu. Dalilin da ya sa masana suke son ƙwan halittun teku shi ne, ƙwai shi ma ƙwayar halitta ce guda ɗaya, kuma waɗannan halittu a cikin ruwa suke zuba ƙwai da maniyyi, su haɗu a waje. Duk wanda ya lura da yadda kwaɗi suke zuba ƙwai a kududdufan da ke gefen Kogin Chanchaga da damina ya ga irin wannan. Saboda haka mai bincike yana iya sa ƙwan a ƙarƙashin madubi ya ga farkon halitta da idonsa, ya ga ƙwaya ɗaya ta rabu biyu, biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas.

Just ya fara da wata tsutsar teku mai suna Nereis, wadda take tasowa saman ruwa da dare bisa lissafin wata don ta hayayyafa. Yakan fita da fitila ya kamo ta, ya kwana yana duban madubi, domin ƙwan ba ya jira. A 1912 ya buga sakamakon bincikensa na farko, inda ya nuna cewa wurin da ƙwayar maniyyi ta shiga ƙwan yana da hannu wajen tsayar da layin da ƙwan zai fara tsagewa biyu. Nan da nan sunansa ya fito. A 1915 ƙungiyar NAACP mai neman haƙƙin baƙar fata ta ba shi lambar girma ta Spingarn, shi ne kuwa mutum na farko da aka ba. A 1916 ya sami digirin dokta daga Jami'ar Chicago.

Babban aikin da ake tunawa da shi ya fito a 1919. Tambayar ita ce, maniyyi dubbai suna kewaye ƙwai ɗaya, to, me yake hana biyu ko uku su shiga? Abin ba ƙarami ba ne, domin in fiye da ɗaya ya shiga zaren gado yakan yi yawa, halittar ta lalace. A ɗan Adam, alal misali, uwa takan ba da 23, uba ya ba da 23, su zama 46 daidai. Just ya yi ta lura da ƙwan wata halittar teku mai faɗi kamar kwabo, dangin bushiyar teku. Ya ga cewa da zarar maniyyi ɗaya ya shiga, sai wani canji ya tashi daga wannan wuri ya bazu a fatar ƙwan baki ɗaya, duk inda ya kai ba wanda zai ƙara shiga. Bayan haka ne wani tantani yake ɗagowa ya kewaye ƙwan ya zama katanga ta biyu. Watau fatar da aka ɗauka buhu ce, ashe ita ce mai gadin ƙofa. Sai a 1976 wata masaniya, Laurinda Jaffe, ta auna da na'ura ta nuna cewa a ƙwan bushiyar teku akwai canjin lantarki a fatar ƙwan wanda yake rufe ƙofa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Abin da ya sa ya ga abin da waɗansu ba su gani ba shi ne tsananin kula. Ba ya fara gwaji sai ya tabbata ƙwan lafiyayye ne, kwanukan gilashi an wanke su fes, sanyin ruwa da gishirinsa sun yi daidai da na teku. Har ta kai manyan masana a Woods Hole sukan zo wurinsa neman shawara. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa na ƙasar nan, waɗanda sukan tatse ƙwan kifi cikin roba su gauraya da maniyyin namiji, sun san gaskiyar wannan, domin ƙazamar roba ko ƙwan da ya jima yakan jawo asarar dubban 'ya'yan kifi.

Wannan kula tasa ita ta haɗa shi rigima da Jacques Loeb, mashahurin masanin Cibiyar Rockefeller, wanda ya yi suna da sa ƙwai ya fara rabuwa ba tare da maniyyi ba, ta hanyar sa shi cikin ruwan magunguna. Just ya maimaita gwaje-gwajen, ya nuna cewa bayanin da Loeb ya bayar yana da kuskure, kuma wani ɓangare na abin da ya gani lalacewar ƙwai ce kawai saboda rashin iya riƙo. Loeb da can yana cikin masu goyon bayansa, amma daga baya da masu ba da kuɗin bincike suka nemi ra'ayinsa, sai ya kushe shi. Wani attajiri, Julius Rosenwald, ya tallafa masa da kuɗi shekaru da dama daga 1920, amma kujerar da yake nema a babbar jami'a ko cibiyar bincike, inda zai zauna ya yi aikinsa shekara cur, bai taɓa samunta ba. Har a Woods Hole ma, da ya kawo iyalinsa wata shekara, wulakancin da aka nuna musu saboda launin fata ya sa dole ya mayar da su.

Daga nan ya juya fuskarsa zuwa Turai. A 1929 ya yi aiki a tashar binciken teku ta Naples a Italiya, a 1930 kuma aka gayyace shi Cibiyar Kaiser Wilhelm da ke Berlin, inda aka karɓe shi da girmamawar da bai saba samu a gida ba. Daga wannan shekara bai ƙara komawa aiki Woods Hole ba. Da Hitler ya hau mulki a 1933, Jamus ta fi ƙarfin baƙar fata, sai ya koma Italiya da Faransa. A 1938 ya tare a Faransa, yana aiki a tashar Roscoff a bakin teku. A 1939 ya fitar da littattafai biyu, ɗaya kan yadda ake riƙon ƙwan halittun teku wajen gwaji, ɗayan kuma shi ne The Biology of the Cell Surface, inda ya tattara aikin rayuwarsa kan fatar ƙwaya. A shekarar ce kuma aurensa na fari da Ethel Highwarden, uwar 'ya'yansa uku, ya mutu, ya auri wata Bajamushiya mai suna Hedwig Schnetzler.

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tabbata ba. Ya yi jayayya da masu ilmin gado irin su Thomas Morgan, ya rage wa cibiya matsayi fiye da kima, kuma bayanin da ya bayar na yadda take aiki bai tsaya ba, musamman bayan an gano siffar DNA a 1953. Amma tambayar da ya riƙe tana nan da ƙarfinta: in ƙwayar ido da ta hanta zaren gadonsu iri ɗaya ne, me ya bambanta su? Amsar da masana suka samu daga baya ita ce, saƙonnin da ke zuwa daga ruwan ƙwaya, da waɗanda ke shigowa ta fatarta daga maƙwabtanta, su ne suke sa wani sashe na zaren gado ya yi aiki, wani ya yi shiru.

A 1940 sojojin Jamus suka mamaye Faransa. Just bai fita da wuri ba don yana son ya kammala aikin da ke hannunsa, sai aka kama shi aka tsare a sansani na ɗan lokaci kafin a sake shi. Ya isa Amurka a watan Satumba na shekarar tare da matarsa, ya koma Howard, amma lafiya ta riga ta ƙi. Ciwon daji na wata gaɓar ciki da ke bayan tumbi, wadda take samar da sinadarin insulin, shi ya zama ajalinsa. Ya rasu a Washington ran 27 ga watan Oktoba 1941, yana da shekara 58, ya bar rubuce-rubucen bincike fiye da 70.

Bayan rasuwarsa an yi shekaru ba a cika ambatonsa ba, sai a 1983 da Farfesa Kenneth Manning ya rubuta tarihinsa cikin littafi mai suna Black Apollo of Science. A 1996 gidan wayar Amurka ya buga kan sarki da hotonsa.

Waɗansu masana ne dabam suka gano abubuwan da suka biyo baya, amma duk a fatar ƙwaya suke, inda shi ya ce a duba. Rukunin jinin da ake aunawa a asibiti kafin a ƙara wa majinyaci jini, A ko B ko O, alamomi ne da ke jikin fatar jajayen ƙwayoyi. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro sai ta manne wa wannan fata kafin ta kutsa ciki. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa kuwa yana aiki ne domin fatar ƙwayoyin hanji tana jan gishiri tare da sukari, ruwa ya bi bayansu ya koma jiki. Ɗalibin da ya leƙa madubi a Chanchaga, ko a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Minna a 1983, in ya ga layin da ya kewaye ƙwayar albasa, ya sani cewa a bayan wannan bango akwai siririyar fata mai rai, kuma maraya ne baƙar fata daga Charleston ya yi shekara talatin yana nuna wa duniya muhimmancinta.