Mamman Shata da faifan garmaho

Musawa gari ne cikin ƙasar Katsina, a Najeriya. Can aka haifi Mamman Shata a shekarar 1923. Ubanshi, Ibrahim Yaro, ba ya son ɗanshi ya yi waƙa. A wancan zamani, wanda ya ɗauki waƙa sana'a maroƙi ake ce mashi. Gidan da ba su gaji roƙo ba, abin kunya ne ɗansu ya tsaya gaban jama'a yana wasa mutane don a ba shi kuɗi.

Mamman ya fara da talla. Ya saida goro, ya saida alewa. Amma in dare ya yi, samari da ƴanmata suka taru a dandali, can ake samun shi yana waƙa. Ba biyan shi ake yi ba. Abin ne kawai ya shiga ranshi. Daga baya ya bar talla ɗungum, ya bar Musawa ya koma Bakori. A shekarar 1952 ya yi wasa a Kano, wurin wani babban biki na ƴaƴan sarki. Tun daga ranar sunanshi ya fara tafiya. A 1960 ya koma Funtuwa, ya yi zamanshi can kusan shekara arba'in.

Kiɗan Shata kalangu ne. Kun san kalangu: icce ne da aka sassaƙa, bakinshi biyu, tsakiyarshi siririya. Ana rufe kowane baki da fata, a haɗa su da tsirkiya. Makaɗi yana rataya shi a kafaɗa, ya sa shi a hammata. In ya matse, murya ta hau. In ya saki, ta sauka. Shi ya sa ake cewa kalangu yana magana. Da can kiɗan mahauta ne da na dandali. Shata ya kai shi gaban sarakuna da gwamnoni.

Abin da ya bambanta Shata da mawaƙa da yawa shi ne ba ya zama gida ya shirya waƙa. Ba ya rubutawa, ba ya tara yaranshi su yi ta gwaji. Sai an zo fili. Ya dubi mutumin da zai yi ma waƙa, ya ba makaɗa amshi, su kama. Shi kuwa ya dinga zuba baitoci, ɗaya bayan ɗaya, yadda suka zo mashi. Waƙarshi da aka fi sani ita ce Bakandamiya, wadda yake yi ma kanshi kirari cikinta. Ya yi ta sau da yawa, a garuruwa dabam dabam. Amshin ɗaya ne, amma baitocin suna sakewa. Wanda ya ji ta a Kano da wanda ya ji ta a Zariya, in sun haɗu, sai su yi gardama, kuma kowa yana da gaskiya.

To, yaya za a kama irin wannan waƙa a ajiye ta?

A lokacin, faifan garmaho ne hanya. Ana shigar da mawaƙi da makaɗanshi cikin wani ɗaki da aka toshe, don kada hayaniyar waje ta shigo. Babu ƴan kallo, babu guɗa, babu mai manna kuɗi a goshi. Sai makirfo. Na'ura tana ɗaukar murya bisa wani dogon zare mai kama da na kaset. Daga nan a kai zaren masana'anta. Wata allura mai kaifi tana zana muryar bisa faifai na farko, ta yi siririn layi mai zagayawa daga baki zuwa tsakiya. Da wannan faifai ake yin mazubi, kamar yadda mai bulo yake yin nashi. Da mazubin ake buga faifai ɗari ɗari, dubu dubu, duka iri ɗaya. Wanda ya saya ya ɗora bisa garmaho, allura ta bi layin, murya ta fito.

Sai dai faifai yana da rowa. Ƙaramin, wanda yake juyawa sau 45 cikin minti ɗaya, minti kaɗan yake ɗauka a kowane gefe. Babban yana kai kamar minti ashirin. Shata kuwa, in waƙa ta yi daɗi a gidan biki, ba agogo yake dubawa ba. A ɗakin ɗaukar murya dole ya taƙaita. Abin da ya fito bakinshi ran nan, shi ke nan, shi za a yi ta ji. Bakandamiyar da ke bisa faifai ɗaya ce kawai cikin Bakandamiyoyi masu yawa.

Kamfanin EMI na Ingila, wanda a lokacin yake da reshe a Legas, yana cikin waɗanda suka buga fayafayen Shata. Wannan kamfani ne kuma ya buga wata shahararriyar waƙa ta wasu samarin Ingila huɗu da ake kira Queen. Sunan waƙar Bohemian Rhapsody. Jagoransu, Freddie Mercury, a tsibirin Zanzibar aka haife shi, nan Afirka, a 1946. Su tasu hanyar dabam ce. A shekarar 1975 sun yi makonni suna aikin waƙa guda. Mutum uku cikinsu suna rera wuri ɗaya, a ɗauka, su sake rerawa, a ɗora bisa na farko, su sake. Haka suka yi ta yi har muryar mutum uku ta zama kamar ta babban taro. Da aka gama, waƙar ta kusa minti shida. Aka ce ta yi tsawo, gidajen radiyo ba za su sa ta ba. Suka ƙi rage ko kaɗan. Ta fito ran 31 ga watan Oktoba 1975, ta yi mako tara tana gaban duk waƙoƙin Ingila wajen ciniki.

Minti shida ne ya ba Turawa tsoro! Ga Shata, minti shida lokacin makaɗa ba su ko yi zufa ba. Waɗancan samari sun gina waƙarsu cikin ɗaki, sannan suka fito da ita fili. Shi a fili yake haihuwar tashi, sannan a lallashe ta ta shiga ɗaki.

Shata bai tsaya ga wasa masu kuɗi da masu sarauta ba. Ya yi ma manoma waƙa. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi ma sojoji. Da Amurkawa suka sauka bisa wata a watan Yuli 1969, ya yi waƙar kumbon Apollo 11. Mutane da yawa da ba su taɓa shiga lakkol ba, a bakinshi suka riƙe sunan wannan kumbo.

Garmaho kayan masu hali ne. A ƙauye ba kowa ke da shi ba, kuma faifai ba ya son rana da rairayi: zafi yana lanƙwasa shi, ƙura tana karce shi. Radiyo ce ta kai Shata inda faifai bai kai ba. An buɗe gidan radiyon Kaduna a 1962, kuma muryarshi tana tsallake iyaka ba tare da takarda ba. Daga Gesheme, iyakar Najeriya ba ta da nisa. Da magariba, bayan an dawo daga gona, mai radiyo yana fito da ita ƙofar gida. Ana tattalin pil kamar yadda ake tattalin hatsi da bazara. In aka sa Shata, har masu wucewa suna tsayawa.

Bayan haka kaset ta zo. Kamfanin Philips ya fito da ita a 1963, amma sai daga baya ta cika kasuwanninmu. Kaset ba ta da tsada, tana shiga aljihu, kuma kowa yana iya juyar ta. Ƴan kasuwa da ƴan cin rani suka dinga shigowa da ita Dogon Dutsi, Tibiri, Gesheme da sauran garuruwan Arewa. Direbobi suna sa ta cikin mota tun daga tasha. Mai juyar kaset a kasuwa yana samun kuɗinshi. Mawaƙin da ya yi waƙar, ko dala ba ta kai hannunshi daga wannan ciniki. Shata bai dogara da faifai ba wajen abinci. Kyautar da ake yi mashi a fili ita ce arzikinshi: riguna, kuɗi, har motoci.

Shi da kanshi bai san yawan waƙoƙin da ya yi ba. Waɗanda ya yi gaban makirfo sun tsira. Waɗanda ya yi a dandalin Musawa, da na bukukuwan da babu mai na'ura, sun tafi tare da waɗanda suka ji su. Haka abin yake a nan Arewa. Tsofaffi suna ba da labarin masu goge da masu gurumi da suka yi suna a zamaninsu. Da yawansu ba a taɓa ɗaukar muryarsu ba. Sai dai kaka ta ɗan rera abin da ta tuna.

A 1988 jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa. Yaron da ubanshi ya ji tsoron kada a ce mashi maroƙi, aka koma ana ce mashi Dokta. Ya yi rashin lafiya a ƙarshen rayuwarshi. Ya rasu a asibiti a Kano ran 18 ga watan Yuni 1999, yana da shekara 76. An yi jana'izarshi a Daura, garin ubangidanshi Sarki Muhammadu Bashar, can kuma kabarinshi yake.