HAJIYA GAMBO SAWABA: 'YAR BAƘO DA TA NEMA WA MATAN AREWA ƘURI'A

Duk wanda ya bi ta Kudan ko Maƙarfi ko Ikara ranar zaɓe zai tarar da mata sun yi layi a bakin rumfa, wasu da goyo, wasu tsofaffi da sanda, kowace tana jiran a kira ta ta jefa ƙuri'arta. Yaran da suka taso yanzu suna tsammanin haka abin yake tun fil azal. To, ba haka yake ba. Har ƙasar nan ta sami mulkin kai a 1960, har Jamhuriya ta Farko ta faɗi a 1966, babu mace ko ɗaya a Jihar Arewa da doka ta yarda ta zaɓi wakili. Cikin waɗanda suka sha wuya kafin a buɗe wannan ƙofa, babu wadda sunanta ya kai na Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya.

An haife ta cikin shekarar 1933, sunanta na yanka Hajaratu, aka kuma yi mata laƙabi da Gambo bisa al'adar Hausa, domin a bayan tagwaye ta zo. Mahaifinta, Malam Isa Amartey, mutumin ƙasar Gwalkwas ne, watau Ghana ta yau. Ya koyi aikin safiyo a can, ya zo Nijeriya ya kama aiki da Reluwe, ya musulunta, ya auri Banufiya mai suna Fatima, ya zauna a Zariya. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, garin ya zama mahaɗar hanyoyi, aka cika da akawuna da direbobi da masu sayen auduga da gyaɗa daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas. Turawa suka ware musu Sabon Gari, suka ware Tudun Wada ga baƙi 'yan Arewa, suka bar birni ga Zazzagawa. A tsakanin waɗannan unguwanni Gambo ta tashi, tana jin harsuna iri iri, tana kuma ganin yadda doka ta raba mutanen gari ɗaya gida uku.

Ta shiga makarantar En'e ta Tudun Wada, amma ba ta yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943, mahaifiyarta ta bi shi bayan 'yan shekaru, karatu ya tsaya. Tana da shekara 13 aka yi mata aure da wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, auren kuwa bai daɗe ba. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda ta riƙe maganar auren wuri da ilmin 'ya'ya mata har ƙarshen ranta ba, don ba a littafi ta karanta su ba.

Ran 8 ga watan Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda talakawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba, Malam Aminu Kano kuma ya zama shugabanta a 1953. Abin da ya ja mutane gare ta magana ce ta aljihu kafin ta zama ta ƙuri'a. Manomi yana biyan haraji ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, Bafillace yana biyan jangali a kan kowace saniya, ga aikin tilas na gyaran hanya da noman gandun masu sarauta, ga abin da dagaci da 'yan bin haraji suke ɗorawa a kai wanda ba ya shiga baitulmali. In talaka ya yi ƙorafi, En'e ce ke da 'yan doka, ita ke da kotun alƙali, ita ke da gidan yari. Ko taron siyasa mutum zai yi, sai ya nemi izini daga hukumar da yake shirin suka.

Shi kansa zaɓen ba na kai tsaye ba ne. A 1951 hawa hawa aka yi shi: masu biyan haraji su zaɓi wakilai a ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, a bi haka har a kai matakin lardi, inda kuma aka ba En'e damar ƙara nata mutane. Saboda haka 'yan NEPU suka yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ba su tsira da kujera ko ɗaya ba a Majalisar Kaduna. Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, wadda sarakuna da manyan ma'aikatan En'e suke mara wa baya, ita ta kwashe.

A cikin wannan hali Gambo ta yanki katin NEPU tana da shekara 17, lokacin da maza masu gemu da yawa suke ɓoye nasu katin a ƙarƙashin tabarma. Ta yi tattaki har Abeokuta wurin Madam Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan Egba a kan harajin da aka ɗora musu har Alake ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a 1949. Ta dawo da sanin yadda ake haɗa kan mata 'yan kasuwa. Ba da jimawa ba ta zama shugabar matan jam'iyyar, kirarin jam'iyya kuma ya manne wa sunanta, har aka manta da Hajaratu, sai Gambo Sawaba. Aikinta na farko shi ne wanda namiji ba zai iya ba. Ta riƙa shiga gida gida, inda ba a yarda baƙo namiji ya wuce zaure ba, tana zama da matan kulle a tsakar gida tana yi musu bayanin haraji da makaranta da ƙuri'a.

A Kano aka fara kama ta, tun farkon shekarun 1950, ita da mata masu yawa, a kan laifin yin taro ba da izini ba. Alƙali ya ɗaure su. Daga baya hukumar Kano ta kore ta daga ƙasarta ɗungum, aka sa 'yan doka suka raka ta aka mai da ta Zariya. Masu rubuta tarihinta sun lissafa ɗauri har sau 16 a garuruwa daban daban, ban da dukan da ta sha a hannun 'yan bangar siyasa, wanda ya bar mata tabo da ciwon da ta zauna da shi har tsufa. Zagi kuwa ba a magana. A wancan zamani duk macen da ta hau dandamalin siyasa, abokan hamayya suna da suna guda ɗaya da suke kiranta da shi, mai karatu kuma ya san sunan.

Ya kamata a tsaya a kan maganar ƙuri'ar mata, domin nan ne gardamar jam'iyyu ta fi zafi. Shugabannin NPC sun tsaya a kan cewa al'ada da addinin mutanen Arewa ba su shirya wa fitar mata zuwa rumfar zaɓe ba, kuma in aka yi gaggawa malamai da magidanta za su bijire. Wannan ba ƙarya ce tsagwaronta ba, don akwai magidanta da yawa, har cikin talakawa, da suke ganin haka. NEPU kuma ta ce addinin da ya ba mace gado da ikon mallakar dukiya bai hana ta zaɓen wanda zai yanka wa mijinta haraji ba. A 1956 Gambo ta ja tawagar mata zuwa ofishin Firimiya, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, a Kaduna, suka kai kukansu, amma doka ba ta canja ba. Akwai kuma wani lissafi da ba a cika faɗa ba. A zaɓen tarayya na 1959 an raba kujerun Majalisar Wakilai bisa yawan jama'a, Arewa ta sami 174 cikin 312. Watau an ƙidaya matan Arewa wajen rabon kujeru, aka bar su a gida ranar zaɓe, alhali kuwa matan Kudu sun jefa tasu ƙuri'ar a wannan zaɓen. Ko a Maraɗi da Damagaram, inda Hausawa ne 'yan'uwanmu masu addini ɗaya da al'ada ɗaya, doka ta ba mata ƙuri'a tun 1956 a ƙarƙashin Faransa. Amurka ma, da ake yawan kafa misali da ita, sai a 1920 matanta suka sami wannan dama a ƙasa baki ɗaya, bayan gardama ta shekaru da dama. A zaɓen na 1959 NEPU ta ci kujeru 8, NPC ta ci 134.

Gardama ta biyu ita ce ta baƙi. Gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, domin ta tarar kusan dukkan akawuna da ma'aikatan gidan waya da na Reluwe daga Kudu suke. Kowane ma'aikacin da ke karanta wannan shafi ya san abin da manufar ta haifar na makarantu da horar da 'yan ƙasa, ba kuwa abin rainawa ba ne. Amma a fagen siyasa ta zama sanda. Da yake NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe tun 1954, sai 'yan hamayya suka riƙa nuna ta a matsayin jam'iyyar da za ta sayar da Arewa ga mutanen Sabon Gari. Ga kuwa shugabar matanta, 'yar mutumin Gwalkwas, mazauniyar Sabon Garin Zariya. Ba ta sauya unguwa ba, ba ta kuma sauya jam'iyya ba, har soja suka karɓi mulki a watan Janairu 1966 aka rushe jam'iyyu duka.

Abin da farar hula suka hana, a hannun soja aka same shi. A zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, zamanin Janar Obasanjo, matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da ita ga kowane baligi, namiji ko mace. Rikicin da aka yi ta tsoratar da mutane da shi shekara ashirin bai auku ba. Jam'iyyun ma da kansu suka shiga neman matan da za su shiga musu gidaje.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a watan Satumba 1978, tsofaffin 'yan NEPU suka watsu. Malam Aminu ya kafa PRP, wasu kamar Alhaji Tanko Yakasai suka tafi NPN, Gambo kuwa ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, ta kai matsayin mataimakiyar shugaban jam'iyya. Duk da haka ta ga cikar wani tsohon burin NEPU a jiharta, lokacin da Gwamna Balarabe Musa na PRP ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna a 1979, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Majalisar jihar, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin da ya gabatar, ta kuma tsige shi a watan Yuni 1981.

Sai ga maganar baƙunta ta faɗo cikin jam'iyyarta. A watan Janairu 1980 Gwamnatin Tarayya ta sa aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na GNPP a Majalisar Jihar Barno, aka tsallakar da shi iyaka zuwa Chadi, bisa hujjar cewa mahaifinsa ɗan can ne. Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar, ta tabbatar cewa ɗan Nijeriya ne. Tsarin mulkin 1979 ya fayyace cewa wanda aka haifa a ƙasar nan kafin mulkin kai, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma ta asalin Nijeriya, to ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Da hujjar gwamnati ta tsaya, da ita ma Gambo ana iya yi mata rakiya zuwa Ankara duk ranar da ta dami wani mai iko, bayan duk ɗaurin da ta sha a kan wannan ƙasa.

Bayan shekara uku abin ya wuce kan mutum ɗaya. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu tun 1982, masana'antu suna sallamar ma'aikata, tarzomar Maitatsine ta Kano a watan Disamba 1980 ta sa ana kallon baƙi da wani ido, ga zaɓe yana tafe a watan Agusta. Ran 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice. An ƙiyasta kimanin mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu 'yan Ghana, sauran daga Nijar da Chadi da Kamaru da wasu ƙasashe, duk da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 a kan zirga-zirga. Masu goyon bayan korar sun tuna wa jama'a cewa Ghana ce ta fara, domin a watan Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta yi wa baƙinta haka, Hausawan zango da Yarabawa da yawa suka dawo da ɗan abin da suka iya ɗauka. Ramuwar gayya dai aka yi, amma ba ta tsai da faɗuwar tattalin arziki ba, gwamnatin kanta kuma soja suka kifar da ita ran 31 ga Disamba na wannan shekara. Malam Aminu Kano bai ga wannan ba, ya riga ya rasu ran 17 ga Afrilu.

Hajiya Gambo ba ta taɓa riƙe kujerar majalisa ko ta minista ba, ba ta kuma tara dukiya ba. Gidanta na Sabon Garin Zariya ya zama masaukin marayu da marasa lafiya da waɗanda ba su da kowa, ta riƙi 'ya'yan mutane da yawa tana ciyar da su daga ɗan cinikin da take yi, ba ta tambayar ƙabila ko ƙasar da yaro ya fito. A ƙarshen shekarun 1990 ta janye daga siyasa, lokacin da kuɗi suka zama su ne ke magana a cikinta.

Ta rasu a Zariya cikin watan Oktoba 2001. An sa sunanta ga babban asibitin Ƙofar Gayan a birnin Zariya, da kuma ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata.