Ibnu Nafis, Malamin Da Ya Gano Hanyar Jini Zuwa Huhu

Ya kai ɗalibi mai karatu, in ka taɓa taya babanka saran rake a fadama, ko ka yi gudu daga gida don kada ka makara, ka san yadda numfashi ke yin sama-sama, zuciya tana bugawa da ƙarfi. Tsoka ce ke neman abinci da iska, jini kuwa shi ne ɗan aiken da ke kai mata su. To, wa ya fara bayyana inda jinin ke bi har ya haɗu da iskar?

Sunansa Ala'uddini Ali ɗan Abul Hazmi, an fi saninsa da Ibnu Nafis. An haife shi a ƙasar Sham, kusa da Dimashƙa, wajen shekarar 1210. Ya koyi likitanci a asibitin Nuri na birnin a hannun Shehu Dakhwar, sannan ya koma Alƙahira, inda har ya zama shugaban likitocin Masar. Kada ka ɗauka likita ne kawai. Malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'iyya, yana karantarwa a makarantar Masruriyya.

Kusan shekara dubu likitoci suna kan maganar Jalinusu, babban likitan Girkawa, cewa bangon da ya raba ɓangaren dama da na hagu na zuciya yana da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani, ta nan jini ke ƙetarawa. Har Ibnu Sina ya bi wannan ra'ayi. A shekarar 1242 Ibnu Nafis ya yi sharhi a kan sashen halittar jiki na littafin Ibnu Sina, Al-Ƙanun, ya nuna cewa bangon mai kauri ne, babu ƙofa ko ɗaya. Jini yana fita daga dama ya tafi huhu, ya gauraya da iska, sannan ya dawo hagu. Ya kuma nuna cewa ita kanta zuciya tana samun abincinta ne ta jijiyoyin da ke ratsa namanta. Ni abin da ya fi burge ni, littafin babban malami yake wa sharhi, yana girmama shi, amma bai rufa wa kuskuren asiri ba.

Bai san iskar oksijin da sunanta ba, don sai bayan 1770 aka gano ta. Cikakken zagayen jini kuwa, daga zuciya zuwa gaɓoɓi da dawowa, William Harvey na Ingila ne ya bayyana shi a 1628. Yau mun san jajayen ƙwayoyin jini ne ke ɗaukar oksijin, abincin da hanji ya tsotsa kuma yana bi ta hanta kafin ya isa tsoka.

Ya yi niyyar rubuta Ash-Shamil cikin mujalladi 300, ya kammala 80. Ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bar gidansa da littattafansa waƙafi ga asibitin Mansuri. Allah Ya jiƙansa.

Maganarsa ta huhu ta shige duhu ɗaruruwan shekaru, sai a 1924 wani likita Bamisire, Muhyiddini Taɗawi, yana karatu a Jamus, ya fito da ita daga rubutun hannu na sharhin da ya tarar a ɗakin karatu na Berlin.