Yinka Dare: Dogon Kano da shekarunsa huɗu a Nets

Idan aka ce a ambaci ɗan Najeriya da ya buga NBA, kowa a filin kwandon makarantar nan Hakeem Olajuwon zai fara kira, 'yan zamani kuma su kawo Giannis su ce ai daga Legas iyayensa suka tashi. Da wuya ka ji an ambaci Yinka Dare, alhali shi ne aka yanke wa cibiya kusa da mu. A Kano aka haife shi, ranar 10 ga Oktoban 1972. Sunan na Yarbawa ne, haihuwar ta Kano ce, wanda ya san Kano kuwa ba zai yi mamakin haka ba. Waɗanda suka san shi a Amurka yawanci don dariya suke tuna shi, saboda wata ƙididdiga guda ɗaya. Ni a ganina an cika masa dariyar, an kuma rage masa labarin.

Dare ya zo wa ƙwallon kwando a makare. Yana yaro tanis ya fi bugawa. Labarin da ake bayarwa shi ne, a 1991 wani lauya ɗan Najeriya mazaunin Amurka ya zo Legas, yana tuƙi sai ya hango wani saurayi zaune kan benci yana cin abinci, a zaunen ma tsawonsa ya isa a taka birki. Ƙafa bakwai, wato mita 2 da santimita 13, ga jiki da daga baya ya kai kilo 120. Ta nan hanyar Amurka ta buɗe masa. Ya yi shekara ɗaya a makarantar share fage ta Milford Academy, sannan a 1992 ya shiga Jami'ar George Washington da ke birnin Washintan, ƙarƙashin koci Mike Jarvis.

Shekaru biyun jami'ar nan su ne lokacinsa mafi daɗi. A kakar 1992-93, yana ɗan aji ɗaya, ƙungiyar jami'ar ta kai zagayen 'yan 16 a gasar jami'o'in Amurka, inda ba ta taɓa kaiwa ba. Sun fitar da New Mexico, suka fitar da Southern, sai Michigan ta su Chris Webber da Jalen Rose da Juwan Howard ta tare su da ci 72 da 64. Shekarar da ta biyo baya sun sake shiga gasar, suka tsaya a zagaye na biyu. A shekaru biyun nan yana cin kusan maki 14 a kowane wasa, yana cafke ƙwallo sama da 10 daga waɗanda suka dawo daga kwando, kuma ya riga ya zarce duk wanda ya taɓa buga wa jami'ar wajen doke ƙwallon abokan hamayya a sama. A matakin jami'a girma da ƙarfi kaɗai suna kai mutum nesa. Ka tsaya ƙarƙashin kwando, a jefo maka, ka ture wanda ke bayanka, ka danna.

Sai ya bar karatu a 1994, da sauran shekara biyu a gabansa, ya shiga zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA. Mutane da yawa sun ce bai nuna ba tukuna. Mu da muke aji na ƙarshe, muna lissafin kuɗin furojet da kuɗin mota, kada mu yi saurin ganin wautarsa. A lokacin babu ƙayyadadden albashi ga sabon ɗan wasa, ciniki ake yi. Glenn Robinson da aka fara zaɓa a shekarar ya karɓi kwantiragin dala miliyan 68, kuma a 1995 aka kafa dokar da ta ƙayyade albashin sababbi. Ga kuma tsoron rauni: gwiwa ɗaya ta goce a wasan jami'a, shi ke nan, ba kuɗi ba NBA. Wa zai ce wa yaron da ya baro gida shekara uku da suka wuce ya ƙi miliyoyin daloli ya koma ɗaukar lacca?

Lokacin ma ya taya shi. A Yunin 1994 Olajuwon ya ci wa Houston Rockets kofi, shi ne kuma gwarzon shekara. Bayan mako guda aka yi zaɓen. Robinson na ɗaya, Jason Kidd na biyu, Grant Hill na uku, sai New Jersey Nets ta ɗauki Dare a matsayi na 14. Dogo ɗan Najeriya da ya fara wasa a makare, kowa sai ya ga kamar wani Hakeem ɗin ne. Amma Hakeem ya yi gola a ƙwallon ƙafa ya kuma buga ƙwallon hannu tun yana yaro, ƙafarsa da idonsa sun riga sun waye. Ya buga kaka uku cur a Jami'ar Houston, lokacin hutu kuma yana gwabzawa da Moses Malone, ƙwararren da ya riga ya yi suna a NBA. Kamannin nasu a tsawo da fasfo ya tsaya.

Ƙungiyar da ya faɗa cikinta kuma gida ne da ke rushewa. Drazen Petrovic, gwaninsu a jifa daga nesa, ya rasu a haɗarin mota a Jamus a 1993. Koci Chuck Daly ya ajiye aiki a 1994, aka kawo Butch Beard. Manyan taurarinsu biyu, Derrick Coleman da Kenny Anderson, duk an yi musayarsu kafin kakar 1995-96 ta ƙare. Wurin da kowa ke neman tsira da aikinsa ba wurin koyon abacada ba ne.

Kakarsa ta farko minti uku ce. Ba kuskuren bugu ba ne, minti uku a wasa ɗaya, sai ciwon gwiwa ya zaunar da shi har ƙarshen kaka. A 1995 da aka kafa sababbin ƙungiyoyi biyu a Kanada, Toronto Raptors da Vancouver Grizzlies, aka ba su damar tsintar 'yan wasa daga tsofaffin ƙungiyoyi. Nets ta bar shi a fili ga mai so, babu wadda ta ɗauka.

Kaka ta biyu ce ta bar masa tabon da ake tuna shi da shi. Ya buga wasa 58, da shi aka fara 23 daga ciki. Maki bai kai uku ba a kowane wasa, ƙwallo ta kuɓuce masa sau 72, kuma ko sau ɗaya bai ba da fasin ɗin da abokin wasa ya karɓa ya jefa a kwando ba. Wasa 58, sifili. Ya zama tarihi a NBA, sai a kakarsa ta uku aka rubuta masa na farko. A shekaru huɗunsa gaba ɗaya, wasa 110, irin wannan fasin ɗin guda huɗu ya bayar, ƙwallo kuwa ta kuɓuce masa sau 96. Har sunansa aka murɗe ya koma kalmar Turanci mai nufin wari.

To a nan nake da magana. Ni a Birnin Gwari na tashi, ƙwallon ƙafa muka sani, ita ma a shekarun da 'yan bindiga suka riƙe daji da hanyar Kaduna ba kullum ake samun natsuwar bugawa ba. Sai da na zo makarantar nan ina ɗan shekara 19 na fara riƙe ƙwallon kwando. Duk wanda ya fara da girma ya san abin da zan faɗa. Jifa ana koyonsa, mutum shi kaɗai da kwando da yamma. Tsalle da ƙarfi, jiki ke bayarwa. Amma ka karɓi ƙwallo ka ba kwando baya, mutum biyu su rufe ka, ka san ba tare da ka waiga ba cewa wanda ɗayansu ya bari yana tsaye a kusurwa shi kaɗai, wannan sai wanda ya yi dubban wasanni tun yana ƙarami. Yaran Sabon Gari da suka fara tun firamare suna ganin filin gaba ɗaya, mu kwandon kawai muke gani. Dare shekara uku ya yi a tsarin Amurka, aka jefa shi gaban su Patrick Ewing da Shaquille O'Neal. Ƙaramar gasar da NBA ke tura irinsa su goge kuwa sai 2001 aka kafa ta. A zamaninsa abu biyu ne, ko ka buga ka sha kunya, ko ka zauna a benci ka manta ɗan abin da ka iya.

Ba ina cewa laifin na wasu ne duka ba. An biya shi, an ba shi shekara huɗu, kuma ci gaban da aka gani kaɗan ne. Amma waɗanda suka zaɓe shi sun san abin da suka saya. Tsawo suka saya, suna fatan sauran zai zo da kansa. Na kan tuna dogayen samarin ƙauyukanmu na gefen dajin Kamuku, masu ɗora buhun masara a mota kamar matashin kai. Tsohuwar hanyar Kano zuwa Legas ta garinmu ta bi, amma mai neman 'yan wasa ba ya tsayawa. Ko ya tsaya ma, ɗaukar mutum daban, koyar da shi daban. A Zariya an ga abin da koyarwar ke yi: koci Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da yara a can, cikinsu har da Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Raptors ta ci kofi a 2019.

A 1996 John Calipari ya karɓi ƙungiyar, Dare ya ƙara nutsewa a benci. Wasa 41 a kakar 1996-97, wasa 10 a ta 1997-98. A Fabrairun 1998 Nets ta haɗa shi da David Benoit da Kevin Edwards ta tura Orlando Magic, ta karɓo Rony Seikaly da Brian Evans. Musaya a NBA ba kamar sayen ɗan ƙwallon ƙafa ba ce, inda sai ɗan wasa ya yarda ya sa hannu. Kwantiraginka ake miƙawa, kai kuma ka bi shi. Dokar albashi ta sa dole kuɗin da ke fita da wanda ke shigowa su yi kusan daidai, don haka akan cusa mutum cikin ciniki saboda adadin albashinsa kawai. Ga dukkan alamu matsayin Dare ke nan a cinikin, domin Orlando ta sallame shi bai buga mata ko wasa ɗaya ba. Yana da shekara 25.

Bai sake taka filin NBA ba. Ya ci gaba da bugawa jefi-jefi a ƙananan gasannin Amurka har zuwa 2003, inda babu kyamara babu manyan kuɗi. Masu dariyar ba su cika ambaton wannan ba. Wanda kuɗi kaɗai ya kawo shi ai da tuni ya rataye takalmi.

Ranar 9 ga Janairun 2004 ya yanke jiki ya faɗi a gidansa da ke Englewood. Binciken likita ya nuna bugun zuciya ne, sakamakon matsalar rashin daidaiton bugawar zuciya da aka gano yana da ita tun yana jami'a. Shekararsa 31. Garin da ya rasu yana gunduma ɗaya da filin da Nets ke wasa a lokacin. Ƙungiyar ta riga ta je wasan ƙarshe na NBA sau biyu a jere, 2002 da 2003, ƙarƙashin jagorancin Jason Kidd, wanda aka zaɓa rana ɗaya da shi, kuma a kakar da Dare ya rasu Kidd ne ya fi kowa ba da fasin a gasar.